Yashin da Ke Ƙarƙashin Motar Ilu

Shekarun da gyaɗa ta fara daraja, tun ba a kawo hanyar jirgi Gagarawa ba, akwai wata tsohuwar mota da take kwana a Gumel. Ta wani Kwara ce, Balarabe ɗan kasuwa mai kanti a Kano. A hannun soja ya saye ta bayan an gama yaƙin Jamus, ta riga ta sha wuya, ya aiko ta don wakilinsa Haladu ya riƙa zaga kasuwannin Gagarawa da Ɗanzomo da Sule Tankarkar da Maigatari yana sayen gyaɗa da fata. Mai tuƙa ta shi ne Ilu.

Ilu ba shi da kowa a ƙasar Gumel, kuma in gaskiya za a bi, ba shi da kowa a ko'ina. Yana saurayi aka kwashe su ɗaukar kayan soja zuwa Kamaru. A can wani saje ya lura hannunsa na son ƙarfe, ya ja shi a jiki ya koya masa inji. Da aka sallame su ya koma ƙauyensu, ya tarar uwarsa ta rasu, gidan ya watse, wani ma ya shuka dawa a inda ɗakinta yake. Ya tsaya ya kalli dawar, ya juya. Tun daga nan duk inda mota ta kwana nan ne garinsu.

A Gumel zauren Iya Kande aka ba shi, can bakin gari ta gabas. Mijinta falke ne na kanwa, ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza kuma sun haura Damagaram neman arziki, labarinsu ma sai jefi-jefi. Gefen zauren akwai rumfa da turke, inda dokin maigidan yake tsayawa a da. Nan Ilu yake shigar da mota kullum da magariba. Iya Kande takan ajiye masa tuwo a bakin ƙofa ta koma ciki. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu, safe da yamma, ba ta wuce nan.

Mutanen gari kuwa motar suke zuwa kallo, ba Ilu ba. A majalisar gindin tsamiya yana da wurin zama a ƙarshen tabarma, inda rabin jikin mutum yake kan ƙasa. In an tuna da shi, to tambaya za a yi a kan mota.

Da kaka ta shigo motar ta fara wani hali. Ya cika lagireto da ruwa da safe, kafin a kai Ɗanzomo ya ragu. Ya zuba baƙin mai har daidai, bayan 'yan kwanaki ya duba ya tarar ya yi ƙasa. Tsohuwar mota dama takan ɗan sha, amma wannan ya wuce sha.

Sajen da ya koya masa aiki yana da doka, kuma Ilu ya riƙe ta kamar karatun allo: fara duba ƙasa, in ƙasa ta bushe, ciwon na ciki ne. Saboda haka kullum in ya dawo daga masallaci bayan asuba, gari ya yi haske, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota. Yashi fari tas, ko ɗigo babu. Cikin motar daga ƙasa kuwa ba ya gaya wa mutum komai, don tsohon mai da ƙasar hanya sun daɗe da yin ɓawo a kansa, ko'ina baƙi, ko'ina danshi-danshi.

To, ciwon ciki ke nan. Ya bi duk abin da aka koya masa. Ya tayar da inji ya zagaya baya ya tsuguna yana kallon hayaƙi: in ruwa na shiga wuta hayaƙin zai yi fari ya yi kauri, in mai ne yake ƙonewa zai yi shuɗi-shuɗi da wari. Hayaƙin bai yi ko ɗaya ba. Ya kwance fulogai ya jera su a kan tsumma, babu wanda ya jiƙe, babu wanda ya yi wani haske na daban kamar an wanke shi. Ya ɗiga man a tafin hannu ya murza, don in ruwa ya haɗu da mai yakan koma kamar kunun gyaɗa. Baƙi ne wuluk yadda ya kamata. Ya buɗe bakin lagireto inji na aiki ya zuba ido ko zai ga kumfa na tasowa, ruwan sai rawa yake yi kawai.

Saura ya kwance kan injin ya duba. Wannan kuwa yana tsoro, don shimfiɗar da ke tsakanin kan da gangar jikin in ta yage wajen cirewa, babu irinta sai Kano, Kanon ma sai an yi sa'a.

Ran nan suna dawowa daga Sule Tankarkar, Haladu yana zaune a gefensa ya naɗe ƙafa a kan buhu, ya ce, "Ilu, garwar man nan da aka aiko daga Kano, ina ta shiga?"

"Cikin inji, Wakili."

"Injin kuma ya kai ta ina?"

"Shi nake nema, ranka ya daɗe."

"Tana zuba a ƙasa?"

"Ba ta zuba."

"Tana ƙonewa?"

"Ban ga alama ba."

"Ba ta zuba, ba ta ƙonewa, ba ta nan." Haladu ya gyara zama. "Ni ban san inji ba, Ilu. Amma na yi kiwon yara masu aike, na san abin da yake ɓata ba ya zuba ba ya ƙonewa."

Ilu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, don wurin yashi ne mai zurfi.

Maganar ba ta kwana a mota ba. A Maigatari Buzaye suna neman baƙin mai ido rufe, don shafa wa raƙuma masu ƙazuwa, kowa ya san haka. Ranar da Ilu ya zo majalisa, Cindo mahauci ya tare shi tun bai zauna ba.

"Direba! Sannu da fatauci. Akuyata na susa, a taimaka mini da ludayi guda mana."

Aka kwashe da dariya.

"Ba ni da na sayarwa, Cindo."

"Au, sai mai raƙumi? Mu masu akuya ba mu kai ba? To in na ɗaura rawani na rufe baki fa?"

Wani dattijo ya ce a bar baƙo ya sha iska. Kalmar baƙon ta fi dariyar yi wa Ilu ciwo, don damina uku ke nan yana sallah a sahu ɗaya da su.

Malam Ya'u, limamin unguwar, shi bai yarda da zancen sata ba, amma nasa bayanin daban ne. Ya ce akwai wata kuka a hanyar Ɗanzomo da mutanen ɓoye suke zaune, kuma ba sa son ƙara. Duk abin da ya wuce su da hayaniya sai sun karɓi rabonsu. Ya rubuta laya ya ba Ilu ya ɗaura a wuyan sitiyari. Ilu ya karɓa da hannu biyu ya ɗaura, don a duk garin malam ne kaɗai bai ɗauke shi ɓarawo ba. Ba wanda ya tambayi abin da aljani zai yi da baƙin mai. Ruwa da man suka ci gaba da raguwa, da laya da komai.

Sai Haladu ya kira shi ƙofar gidansa, bai ba shi wurin zama ba. Ya ce, "Na gaji. Ranar kasuwar Maigatari ta sama mutumin Kwara zai zo ɗaukar fata. In har lokacin ban ga inda man nan yake zuwa ba, za ka sauka. Akwai wani Ubale a Kano yana jira."

"Wakili, in na sauka da wannan sunan, wa zai sake ba ni mota?"

"Sai ka tambayi injin."

Bayan kwana biyu, da yamma, Ilu ya zauna a rumfa ya jingina da taya, injin na hucewa yana ƙas-ƙas a bayansa. Ya daɗe yana kallon yashin da ke gabansa. A Kamaru ƙasa ja ce mai tauri, ɗigo ɗaya ya faɗa sai ya kwana a nan yana jiran mai dubawa. Nan kuwa yashi ne, ka zuba masa buta guda ya shanye kafin ka juya. Ruwa dai yashi zai iya ɓoye shi. Mai fa? Mai ai yakan bar tabo. Duk da haka ya ga babu abin da ya rage masa. Ya nemi abin da zai shimfiɗa mai haske, bai samu ba sai farar rigarsa ta Juma'a, ita ke nan gare shi. Ya ɗauko ta ya baza a ƙarƙashin injin, ya danne gefunanta da duwatsu.

Da ya dawo daga masallaci da safe ya durƙusa. Babu riga. Duwatsun an jera su a gindin turke, yashin fari tas kamar kullum.

Ya miƙe. Har rigar ma? Ya juya zai shiga zaure, sai ya hango ta a kan dangar cikin gida, a shanye, tana ɗigar ruwa.

Ya yi sallama daga bakin ƙofa. Bai taɓa wuce nan ba. Iya Kande ta fito tana goge hannu a zane.

"Iya, ina kwana. Rigata ce can?"

"Taka ce mana, ta wa za ta zama? Kai ma dai, ɗan nan, babban mutum da kai, ka rasa inda za ka yar da rigar sallah sai ƙarƙashin dabba? Ta ɓata maka ita. Na sa toka na sa sabulun salo, jan ya fita, baƙin ya ƙi."

"Wane baƙi?"

"Na fitsarinta mana."

Ilu ya ce, "Iya, fitsari take yi?"

"Kullum ta Allah. Da dai kaɗan-kaɗan ne, tun kaka ya ƙaru."

"Ni ban taɓa gani ba."

"Yo ina za ka gani? Ka ga an bar wa baƙo ƙazanta a turke ya tashi ya tarar? A gidan wa?" Ta dube shi kamar ya zage ta. "Kana fita masallaci nake kwashe jiƙaƙƙen in zuba sabo. Haka na yi wa dokin maigidan nan har ya mutu, kofatonsa bai taɓa ruɓewa ba. Haka ake yi wa na kowane baƙo. Don taka ba ta cin harawa sai in bar ta a cikin najasa?"

Ilu ya zauna a dokin ƙofa. Ya sunkuyar da kai.

"Lafiya? Na yi laifi ne?"

"Ba ki yi ba, Iya. Ina kike zubar da yashin?"

Ta kai shi bayan danga. Ga shi nan tsibi guda, ya kusa kai gwiwa, baƙi da ja a cakuɗe, yana ƙyalli a rana. Man Kwara na wata da watanni.

Suka koma rumfa, ta tsuguna da ƙyar tana dafa taya, ta nuna masa da kara. "Wuri biyu take yi. Nan gaba, kusa da ƙafar hagu, ruwa-ruwa ne, ja kamar na rijiyar da ta daɗe ba a yashe ba. Can tsakiya kuma baƙi, mai kauri, shi ne mai wahalar kwashewa. Ni har na ce ko ciki biyu gare ta."

Ranar bai fita da mota ba, ya aika wa Wakili cewa tana gyara. Ya kankare ɓawon da ke cikinta da wuƙa, ya wanke da kananzir har ƙarfe ya fito. Ya roƙi Iya Kande garin dawa, ta kawo a ƙoƙo tana mita cewa yanzu kuma tuwo za a yi mata. Ya barbaɗa garin ko'ina a ƙasan injin ya yi fari fat, ya tayar da shi ya bar shi ya yi zafi sosai, ya kashe, ya kwanta rigingine a ƙasa yana jira.

Ruwan ne ya fara nuna kansa. Wani siririn layi ya ɓullo a cikin garin daga ƙasan tiyon da ya haɗa lagireto da inji, daidai inda waya ta ɗaure shi, ta gefen da ido ba ya kaiwa. Robar ta tsage a nan. Man ya fi jinkiri, sai da ƙarfe ya fara hucewa sannan garin ya yi baƙi a gefen kaskon da ke riƙe mai. Girgizar hanya ta sassauta notuna, shimfiɗar wurin kuma ta bushe ta karye. Ciwon duk na waje ne, irin wanda sajen zai gano kafin ya gama shan taba, da a jar ƙasar Kamaru ne.

Ya je wurin dukawa ya samo fata mai laushi, ya yanka daidai bakin kaskon, ya jiƙa ta da mai ya ɗaure notunan bi da bi. Tiyon kuma ya naɗe shi da tsohuwar robar cikin taya ya sake ɗaure shi da sabuwar waya. Iya Kande tana zaune a gindin turke tana miƙa masa abin da ya nuna da baki. A wunin nan ta ba shi labarin 'ya'yanta, shi kuma ya gaya mata zancen dawar da aka shuka a ɗakin uwarsa, abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Sai da yamma ta ji dalilin duk wannan wahala, cewa ana zarginsa da sayar wa Buzaye mai.

Ta shiga ciki ta yafa mayafi, ta cika ƙwarya da baƙin yashi ta ɗora a ka, ta ce ya biyo ta.

Haladu yana ƙofar gida ana auna gyaɗa. Ta dire ƙwaryar a gabansa.

"Haladu, ga manka."

"Iya, mene ne wannan?"

"Sansana mana. Ai hancinka na aiki tunda ya sansano ɓarawo. Saura yana bayan dangata, ka aiko da jaki a kwasa a kai wa Kwaran naka, ya tace abinsa. Ni na kwashe shi da hannuna kullum safe. In sata ce, ni ce ɓarauniyar."

Masu awo suka tsaya. Haladu ya ɗebi yashin ya murza a yatsa, ya kai hanci. Ba mugun mutum ba ne, mai gaggawa ne kawai.

"Ilu," ya ce a hankali, "ban jira ranar kasuwar ba. Tun shekaranjiya na ba masu raƙuma saƙo. Yanzu ya isa Kano."

"Sai ka aika wani ya bi shi," in ji Iya Kande.

"Iya, Kwara ba ya jin magana biyu. In na ce jiya ɓarawo ne yau ba ɓarawo ba ne, mu biyu zai sauke." Ya goge yatsunsa a gefen buhu. "Zan faɗa a masallaci cewa ban same shi da komai ba. Wannan zan iya."

Ya kuwa faɗa, ranar Juma'a, da murya ƙasa-ƙasa, lokacin da rabin mutane sun fara neman takalmansu. A gindin tsamiya aka yanke cewa layar Malam Ya'u ce ta yi aiki, tunda ga shi motar ta daina sha. Cindo ya ce shi dama wasa yake yi.

Ubale ya zo tare da mutumin Kwara, saurayi ne mai hula a karkace da yawan fito. Ilu ya zagaya da shi, ya kwantar da shi a ƙasa ya nuna masa fatar da tiyon, ya ce ya riƙa taɓa notunan duk bayan tafiya mai nisa, kuma in sun je Kano ya nemi tiyo na gaske. Ya gaya masa ba ta son a matsa mata a yashi tana sanyi. Ubale yana ta cewa to, to, idonsa na kan sitiyari.

Iya Kande ta ce zauren nasa ne, ya zauna, gonar maigidan tana nan ba mai nomawa. Ya yi godiya har ƙasa. Amma bai iya riƙe fartanya ba, kuma ya san a garin nan zai tsufa ne a ƙarshen tabarma ana ce masa direban da aka sauke. Ya ce zai gwada Zariya, an ce 'yan jirgi na ɗaukar masu hannu, kuma wataƙila labarin bai kai can ba. Ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin fura a tsumma, ta raka shi har ƙarshen danga, ta tsaya nan.

Ya bi ayarin masu jakuna da suka nufi Gagarawa, mutanen da bai san ko ɗaya ba, yana tafe a bayansu da ƙunshinsa a kafaɗa. Rana ta take tsaka sai ya ji ƙarar motar daga nesa, tun jakunan ba su ɗaga kunne ba. Masu ayari suka yi ta kora dabbobi gefe suna zagi. Ilu ya koma gindin wata aduwa ya tsaya.

Motar ta zo da fatu a ɗaure har sama. Ubale na tuƙi, mutumin Kwara na gyangyaɗi a gefensa, ba wanda ya dubi gefen hanya. Ilu ya karkata kai yana saurare. Injin na bugawa daidai, babu tari, babu shaƙewa, sai dai yaron yana matsa mata fiye da yadda take so. Ya bi ta da kunne har ƙarar ta siranta ta ɓace a bayan tudu.

"Malam, kana tafiya ko ka tsaya ke nan?" wani mai jaki ya kira shi.

Ya gyara ƙunshinsa ya bi su.